Kafin Ki Tayar da Inji, Ummi

Hayin Dogo, Samaru, Zariya.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga mahaifinki. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya sa duk tashin da za ki yi ya ƙare da sauka lami lafiya. Amin.

Bayan haka, na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Mamanku ma sai da ta yi mini dariya da ta ga ina neman biro. Ta ce, "Malam, yarinyar nan fa tana tsakar gida tana gugar kayanta, ka kira ta mana." Na ce ta bar ni. Kin san bakina da nauyi, in na zauna gabanki zan ce Allah Ya kiyaye hanya, in yi shiru, alhali cikina cike yake da magana.

Jibi za ki kama aiki a ƙaramin filin jirgin da aka tura ki, ki riƙa ɗaukar likitoci da magunguna kina kai su garuruwan da mota ke shan wahala kafin ta kai. Ban taɓa zuwa wurin ba, amma na san irinsa, domin a irinsa na tsufa. Titin jirgi ɗaya, hasumiya ɗaya, ma'aikatan da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kowa ya san sunan 'ya'yan kowa. A irin wannan wuri ne doka take yin laushi, saboda ana jin kunyar juna. Ni ban taɓa tuƙa jirgi ba. Rayuwata duka a ƙarƙashin fiffike na yi ta, hannuna cikin baƙin mai. Dokokin kuwa kin fi ni sanin su, kin ci jarrabawa a kansu. Don haka ba zan karanta miki doka ba. Zan gaya miki yadda ni na karya su ne, da abin da ya biyo baya.

Na shiga rumfar gyaran jirage da girman kai. Kafin nan na yi shekaru a wani garejin motoci a unguwar PZ, nan Zariya, har ana cewa Isiyaku da kunne yake gane ciwon inji. Da na gama kwas aka ba ni aiki a filin jirgi, sai na tarar kome da takarda ake yin sa. In za ka kwance kusa, ka duba takarda. In ka ɗaure, ka sa hannu. Kowane ƙarfen aiki yana da gurbinsa a jikin allo, an zana siffarsa da fenti, don in ya ɓata a gani. Ni kuwa abin dariya yake ba ni. Shugabanmu wani dattijo ne Bayarabe haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi, muna ce masa Baba Cif. Yakan ce mini, "Isiyaku, mota in ta lalace a faka ta a gefen hanya. Ka nuna mini gefen hanya a sama."

Wata safiya na gama ɗaure wani abu a injin ɗaya daga cikin ƙananan jiragen koyo, na mayar da murfi, na sa hannu. Malami da ɗalibinsa suka shiga suka tashi. Ina mayar da kaya kan allo sai na ga gurbin ƙaramin sifana a buɗe. Na laluba aljihu, babu. Na duba ƙasa, babu. Jikina ya ba ni inda yake. Ummi, abin da nake so ki sani shi ne, ban faɗa nan take ba. Na tsaya ina goge hannu da tsumma, ina gaya wa kaina ƙila wani ne ya ara. Na kai minti goma a haka, mutum biyu suna sama da ƙarfe yana yawo a cikin injinsu, ni kuma abin da ke damuna shi ne kada a ce gwanin PZ ya yi shirme.

Bulus ne ya lura da ni. Baba Bulus ɗinku na Dogarawa, wanda kike kai wa tuwon sallah, a lokacin saurayi ne kamar ni, rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Ya dubi fuskata, ya dubi allon, ya ce, "Yana ciki?" Na ce, "Ina jin haka." Ya kama hannuna kamar mai kai yaro makaranta, sai ofishin Baba Cif. Aka kira hasumiya, hasumiya ta kira jirgin, suka juyo suka sauka. Da muka buɗe murfin, ga sifanan nan ya gangara ya maƙale dab da wayar da ke sarrafa mai. Na tsaya ina jiran zagi. Baba Cif ya ɗauko shi ya sa mini a tafin hannu, ya ce, "Mantuwar ba ta dame ni ba, kowa yana yi. Tun yaushe ka sani?" Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "To, wannan minti goman shi ne laifinka."

Saboda haka, ranar da kika ga wani abu bai yi miki daidai ba, ko ke ce kika jawo shi, ki faɗa a lokacin, kafin ki gama tunanin yadda za a ɗauke ki. Kuma ranar da wani makanike ya zo miki yana sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure a jirginki, kada ki wulaƙanta shi gaban mutane. Ki gode masa. In kika kunyata shi yau, gobe zai yi shiru, kuma ke ce za ki tashi da shirun nasa.

Na biyu ƙarami ne, amma har yau ina jin kunyarsa. Da damina ne, an kwana ana ruwa, gari ya waye ana yayyafi. Kin san dokar: kafin tashin farko sai an tsiyayi mai daga ƙasan fiffike a ɗan kofin gilashi, a ɗaga a duba ko ruwa ya shiga tanki. Ni kuwa na tsiyaya jiya da yamma, ga rigata ta jiƙe, sai na ce ai na jiya ya wadatar, na sa alama a takarda. Matuƙin ya zo, wani kaftin mai sanyin hali, ya ɗauko nasa kofin ya durƙusa cikin taɓo. Raina ya ɓaci. Na ce, "Kaftin, ai na duba." Ya ce, "Na sani, Malam Isiyaku. Ni ma zan duba." Ya ɗaga kofin saitin idona. Ga mai a sama, ga ƙwayoyin ruwa sun kwanta a gindi kamar tsakiya. Sai da muka tsiyayi kofi shida kafin mai ya fito wankakke. Da a ce da wannan ruwan ya tashi, inji zai iya ɗaukewa daidai lokacin da ya bar ƙasa, gidajen mutane na gabansa.

Bai kai ƙarata ba, ya dai ce, "Robar murfin tankin ta mutu, a canja." Amma na yi mako ina kauce wa idonsa.

Ke mace ce, kuma yarinya, za ki tarar da makanikai sa'o'in ubanki. Za su ce miki, "'Yata, an duba, shiga kawai." Ki gaishe su da ladabi, ki tambayi iyali, sannan ki ɗauki kofinki ki durƙusa. Ki zagaya jirginki da ƙafarki, takarda a hannu, ki taɓa taya, ki motsa fiffike, ki leƙa tanki da idonki, kada ki dogara da abin da agogon mai ya nuna. Wanda ya ji haushi zai huce. Ni ma na ji haushi, ga shi yau ina yi wa mutumin nan addu'a.

Na uku ya shafe ki, domin ranar da aka haife ki ne. Da hantsi aka bugo waya ofis daga asibitin Shika, aka ce an kai mamanku can, kuma haihuwar ta zo da gardama. Kafin ke mun yi rashi sau biyu, kin sani. Ban san lokacin da na yar da abin da ke hannuna ba. Na faɗa a-kori-kurar rumfa don in kai kaina bakin ƙofa. Hanyar da aka yarda a bi tana zagayawa ta bayan shinge, mai tsawo ce. Gajerar kuwa sai an ratsa titin jirgi, kuma ba a ratsawa sai da izinin hasumiya. Na ɗauki oba-oba, rediyon da muke magana da hasumiya, na nemi izini. Mai hasumiya ya amsa da Turanci, magana mai ɗan tsawo. Abin da ya ce shi ne in tsaya, jirgi na sauka, bayan ya wuce in ratsa. Ni kuwa kalmar ƙarshe kaɗai kunnena ya kama, don ita nake son ji. Doka ta ce in maimaita masa abin da ya faɗa don ya tabbatar na fahimta. Ban maimaita ba, na taka mota.

Ina tsakiyar titi na ji ƙara a kaina. Inuwa ta rufe gilashin motar. Wani ɗalibi ne, ranar ce ma ta farko da aka bar shi ya tashi shi kaɗai ba malami. Ya riga ya sauko ƙasa ƙasa, ya gan ni, ya ba inji wuta ya sake ɗagawa. Na ga tayoyinsa sarai, har da ciyawar da ta maƙale a jikin ɗaya. Allah Ya ba yaron nan natsuwar da ni babba na rasa. Ya zagayo ya sauka lafiya, aka ce da ya fito sai da ya zauna a ƙasa.

Na isa Shika na tarar kin iso, ke da mamanku kuna lafiya, har an yi miki wanka. Gaggawata ba ta ƙara muku kome ba. Na karɓe ki zan yi miki huɗuba a kunne, sai na rikice na sake farawa, unguwarzoma tana cewa, "Angon ƙarni, farin ciki ne haka?" Ba ta san saura ƙiris in mayar da ke marainiya tun ba ki buɗe ido ba, in kuma haɗa da ɗan wasu. An dakatar da ni aiki mako biyu. 'Yan uwa suka yi ta yabona, wai Isiyaku ya ɗauki hutu don hidimar suna. Mamanku kaɗai ta san gaskiya.

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan. Duk abin da hasumiya ta gaya miki, ki maimaita shi kalma kalma, ko da mai maganar maƙwabcinki ne, ko da filin babu kowa sai ke da balbelu. In ba ki ji sosai ba, ki ce a sake faɗa, babu kunya a ciki. Kada ki hau titin jirgi da zato, ki duba hagu ki duba dama ko an ba ki izini, domin a ƙananan filaye shinge yakan yanke, shanu da awaki ba sa jin oba-oba. Sannan ki riƙa auna zuciyarki kamar yadda kike auna mai. Wata rana za a kira ki a ce ni ko mamanku muna kwance. Ranar nan kada ki tuƙa jirgi. Ki gaya wa shugabanki hankalinki ba ya jikinki, ki hau mota kamar kowa. In da rabon mu gana za mu gana.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Na yi ta zagaye zagaye ne don ina tsoron isowa nan.

Kin taso kina ganin Baba Bulus da hannu ɗaya. Tun kina ƙarama kin tambaye ni, na ce miki tsautsayi ne a wurin aiki, farfelar jirgi ta sare shi. Ban yi miki ƙarya ba, amma ban ba ki ko rabin gaskiya ba.

Kina da shekara uku lokacin. Bayan azahar ne, na fito da wani jirgi gaban rumfa na tayar da shi don in gwada inji bayan gyara. Da na gama sai na kashe shi ta hanyar yanke mai, kamar yadda ake yi. Abin da ya rage shi ne in murɗa makullin wuta in zare shi in ɗora a inda kowa zai gani. Kin san dalili: irin waɗannan injina, muddin makulli na kunne, in aka juya farfela da hannu za su iya kamawa, balle inji da zafinsa. Daidai lokacin wani ya kira ni daga rumfa yana tambayar wata takarda. Na sauko ina ba shi amsa, na bar makullin a kunne. Na durƙusa ƙarƙashin fiffike ina duba birki.

Bulus ya zo duba bakin farfela, ko tsakuwa ta ɓantare shi. Doka ta ce kafin ya taɓa ya yi kira ya ce, "Wuta a kashe?" ya jira amsa, ya kuma ga makullin da idonsa. Amma mun fi shekara goma muna aiki tare, ya san ni ba na barin makulli. Ya kama ya juya. Inji ya yi tari sau ɗaya tak. Ban ji ihu ba ma, wani sauti na ji kamar an sari icce, sai na ga Bulus a zaune a ƙasa yana kallon hannunsa na dama.

Mutane suka yo kansa a guje. Ni ma na taso. Amma kafin in isa gare shi, Ummi, sai da na biya ta ƙofar jirgin, na zura hannu na murɗa makullin na zare, na ɗora shi a inda ya kamata a ce yana tun farko. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi, cikin ƙiftawar ido. Sannan na cire rigata na ɗaure masa dantse, na rungume shi a bayan mota har Shika, jininsa ya jiƙa ni har wando. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Aka kafa kwamitin bincike. Suka tambaye ni, "Makulli fa?" Na ce, "A kashe yake, ga shi can inda kuka same shi." Suka tambayi Bulus a gadon asibiti ko ya yi kira kafin ya taɓa, ya ce bai yi ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Aka rubuta cewa sakacinsa ne, tare da zaton wata waya ta tsinke a cikin inji. Aka ajiye jirgin makonni ana neman wayar da ta tsinke. Ni aka sa in nema. Na kwance, na ɗaure, na auna, ina neman abin da na san babu shi.

Bulus bai sake riƙe sifana ba. Aka mayar da shi sito yana ba da kaya, mutumin da ya fi mu duka iya aiki. Ni kuma na zama aminin kirki a idon duniya. Ni ne kai shi wankin ciwo, ni ne gyara musu rufin ɗaki, ni ne raka matarsa kasuwar Sabon Gari ɗauko buhun masara. Limaminmu har misali ya taɓa yi da ni a kan haƙƙin abota. Ina zaune a sahu na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara bakwai ina haka. Abinci ba ya yi mini daɗi, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ga hannaye biyu, in sauke.

Wata Lahadi da la'asar na hau babur na tafi Dogarawa. Na same shi a ƙofar gida sun dawo daga coci, yana zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa da hannun hagu, yana danne kwanon da gwiwa. Muka gaisa. Na zauna, na kasa ɗaga kai. Na ce, "Bulus, makullin nan a kunne yake. Ni na bar shi. Ni na zare shi bayan abin ya faru."

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Can ya ce, "Na gan ka."

Na ce, "Ka gan ni?"

Ya ce, "Ina zaune a ƙasa, fuskata tana kallon ƙofar jirgin. Na ga hannunka ya shiga, na ga ya fito."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Da farko ciwo ne ya hana ni. Daga baya na duba, na ga ni ma ban yi kira ba. Igiya biyu aka ɗaura mana, ka kwance ɗaya, na kwance ɗaya. In an kore ka, hannun zai tsiro ne? Ga Ummi tana ƙarama." Ya ture kwanon gefe, sannan ya dube ni, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Amma kada ka ɗauka ban ji zafi ba, Isiyaku. Hannun na yafe tun ina asibiti. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ka zo gidana kullum, ka ci tuwona, ka dubi idona, ka yi shiru. Duk ranar da na ji ƙarar babur ɗinka sai in ce yau zai faɗa. Shekara bakwai."

Na yi kuka a ƙofar gidan nan kamar yaron goye, mutane na wucewa. Bai rarrashe ni ba, ya bar ni na yi mai isata. Da na natsu na ce ya faɗi abin da yake so in yi. Ya ce, "Takardar nan da aka rubuta cewa sakacina ne ni kaɗai, 'ya'yana za su iya ganinta wata rana. Ka je ka gyara ta."

Washegari na rubuta bayani da hannuna na kai ofis. Baba Cif ya riga ya yi ritaya, wanda ya gaje shi ya karanta ya sake karantawa, ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani. Aka karɓe mini ikon sa hannu a kan jirgi na tsawon lokaci, aka rage mini matsayi, kuma ban sake hawa ba har na bar aiki. Kin sha tambayata me ya sa waɗanda na koya wa aiki suka zama shugabannina. To, ga dalilin. Kuma wallahi ranar da aka rage mini matsayin na ci tuwo na ji ɗanɗanonsa.

Makon jiya da muka je yi wa Bulus sallama, bayan kin shiga ciki wurin matarsa, ya kama gefen rigata ya ce, "Ka gaya mata?" Na ce a'a. Ya ce, "Yarinya za ta je ta yi rayuwa a gaban farfela, ka bar ta ta tafi da labarin tsautsayi? In ba ka faɗa ba ni zan faɗa, kuma ni ba zan rage maka kome ba." Shi ya sa na rubuta, kuma ina fatan ban rage wa kaina kome ba.

Ki ɗauki kowace farfela a matsayin mai rai, ko an rantse miki inji a kashe yake. Kada ki bar kujerarki sai makulli yana hannunki. Kada ki tayar da inji sai kin leƙa kin yi kira da ƙarfi a kauce, kin ga an kauce, an kuma janye waigin taya da izininki. Fasinjojinki ki raka su da kanki ta bayan fiffike, domin mutumin da bai saba ba yakan nufi gaban jirgi kai tsaye, musamman in yana ɗaga wa 'yan uwa hannu. Wanda kika fi yarda da shi, shi za ki fi tambaya, domin yarda ce ta hana Bulus yin kira. Kada ki bari kalmar tsautsayi ta zame miki mayafi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, ni kuwa ban ɗaure nawa ba. In kuma Allah Ya jarrabce ki da kuskure, kada ki ƙara masa ƙarya. Kuskuren na daƙiƙa ɗaya ne, ƙaryar ce ta ci mini shekaru.

Saura abu ɗaya, tsakanina da ke. Lokacin da kika ce tuƙin jirgi kike so, na yi wata guda ba na amsa gaisuwarki da kyau. Na ce miki ba aikin mata ba ne. Ba haka ba ne a zuciyata, na san kin fi maza da yawa natsuwa. Tsoro nake ji, don na san irin hannayen da ke taɓa jirgi kafin matuƙi ya shiga, na san ɗaya daga cikinsu nawa ne. Na ɗora miki laifin da ba naki ba. Ki yafe mini. Kuma tunda na taɓa faɗa miki wannan maganar, ki shirya jin ta daga wasu. Ranar da hadari ya haɗo kika ce ba za ki tashi ba, ko wani babba ya zo da kayan da suka fi ƙarfin jirgi kika ce a rage, za a ce tsoron mata ne. Ki bar su su faɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Ki yi murmushi, ki ba da haƙuri, ki zare makullinki ki sa a aljihu.

Ban san da wane ido za ki dube ni ba in kin gama karanta wannan. In kin ji ba kya son yi mini magana kafin ki tafi, ba zan ga laifinki ba, zan jira, ni ma wasu sun jira ni. Abin da nake roƙo kawai, jibi kafin ki isa tasha ki biya ta Dogarawa, ki durƙusa ki gaida Baba Bulus, ki gaya masa na faɗa.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi, mai sunan mahaifiyata. Allah Ya haɗa ki da abokan aiki masu gaya miki gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Ya tsare hannunki daga cutar da wani, Ya tsare ki daga hannun mai sakaci irina. Ya kiyaye duk ran da zai zauna a bayanki, Ya mayar da kowa ga iyalinsa. Na ba Allah ajiyarki, Shi da ajiyarSa ba ta tozarta. Mamanku tana sa miki albarka, ta ce kada ki yi wasa da salla da cin abinci.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Isiyaku.